Wa Ke da Izinin Ɗaga Labulen? Fashin Baƙi Kan Sirrin Mutum, Haihuwa da Kundin Tsarin Mulki

Shin kundin tsarin mulki yana da ta cewa a kan abin da ke gudana tsakanin mace da mijinta, ko tsakaninta da ungozomar asibiti? In yana da ita, kare su yake yi daga idon hukuma da bakin mutane, ko kuwa ƙofa ce ake buɗe wa zubar da ciki ta bayan gida? Tambayar ke nan da ke tasowa a fadojin samarin Zango da Birni a nan Damagaram duk lokacin da wata murya ta zagayo a WhatsApp. Ta baya-bayan nan da na saurara, mai maganar ya rantse cewa Amurka ta haramta zubar da ciki ƙasa baki ɗaya, Faransa ta mayar da shi dole, kuma duk inda ka ji an ce "'yancin sirri" to wannan ake nufi. Shayi bai kai zagaye na biyu ba fada ta rabu gida biyu.

Cikin maganganun nan uku babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Amurka ba ta haramta ba, Faransa ba ta tilasta wa kowa ba, sirri kuwa ya fi zancen ciki faɗi nesa ba kusa ba. Sai dai kowace da ɗan abin da ta jingina da shi, shi ya sa suke shiga kunne. Ga shi kuma mu a Nijar muna wani lokaci na daban: tun 26 ga Yulin 2023 aka jingine kundin 2010, ana tafiya da Kundin Sake Gina Ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a zauna rubuta na dindindin. Gara a san abin tun ba a ɗauki alƙalami ba.

Me ake nufi da sirri a bakin masu shari'a?

Da Bahaushe ya ji "sirri", abin da ke faɗo masa a rai shi ne maganar da aka ce ya riƙe, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Masu shari'a sun ɗora wa kalmar kaya biyu.

Na farko hana leƙe ne. Kada a faɗa maka gida babu takardar alƙali, kada a buɗe wasiƙarka, kada a saurari salularka, kada ma'aikacin lafiya ya fita da labarin cutarka. Wannan ba baƙonmu ba ne. Dubi yadda aka gina tsofaffin gidajen Birni: zaure a gaba, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, sai ka karya kwana kafin ka hango tsakar gida, a jikin bango kuma an rubuta "ba shiga" da gawayi ko fenti. Maginin da ya tsara haka bai karanta dokar kowa ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin juna, hadisi kuma ya ce neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba ka juya. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta kariyar sirri a sashe na 12 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam a 1948, a kan tabarmar ta tarar da mu.

Kaya na biyu hana katsalandan ne: akwai shawarwarin da suka shafi jikin mutum da ɗakinsa, wanda zai aura, 'ya'ya nawa, yaushe, waɗanda hukuma ba ta da hurumin yanke masa. A nan rigimar take, domin wani zai ce ɗakina ne, wani ya ce ai akwai rai na uku a ɗakin.

Shi ma "haƙƙin haihuwa" an matse shi har ya koma abu ɗaya a kunnen mutane. A asalinsa ya haɗa awon ciki, da haihuwa a hannun wadda ta iya, da tazara, da neman magani ga wadda Allah bai ba haihuwa ba tukuna, da gyaran yoyon fitsari, da kuma kada a ɗaure wa mace mahaifa ko a dasa mata wani abu ba da saninta ba. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Tehran a 1968 ya rubuta cewa iyaye ke da ikon yanke adadin 'ya'yansu da tazarar da ke tsakani, taron Alƙahira na 1994 ya faɗaɗa zancen. Zubar da ciki kusurwa ɗaya ce, ita ce dai mafi zafi.

Akwai abin da mai muryar WhatsApp bai lura da shi ba. Katangar da ke hana hukuma shiga ɗakinka don ta hana ka magani, ita ce ke hana ta shiga don ta tilasta maka shi. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane tiyatar hana haihuwa, da yawansu talakawan ƙauye da ba su so ba. Sin ta yi sama da shekara 30 tana ƙayyade wa yawancin iyalai ɗa ɗaya, sai a ƙarshen 2015 ta janye. Romaniya ta bi ta ɗaya ɓangaren a 1966, ta hana zubar da ciki don a ƙara yawan jama'a, har aka riƙa duba mata a wuraren aiki ko suna da ciki. Magidancin da ke son 'ya'ya goma yana buƙatar katangar nan kamar yadda mai son uku ke buƙatarta.

Kundin tsarin mulki kuwa uwar dokoki ne. Dokar da majalisa ta yi yau wata majalisar na iya soke ta gobe da ɗan rinjaye. Abin da aka sa a kundi sai an sha wuya kafin a taɓa shi, kuma dokar da ta saɓa masa ana iya kai ta kotu a rushe. Shi ya sa kowane ɓangare ke son a rubuta nasa a can.

Abin da ya faru a Amurka, daga 1965 zuwa 2022

Kundin Amurka, da aka rubuta a 1787, babu kalmar sirri a cikinsa ko sau ɗaya. Akwai gyara na 4 da ya hana bincike da kame ba bisa ƙa'ida ba. Akwai gyara na 14, na 1868, da ya ce jiha ba za ta ƙwace wa mutum rai ko 'yanci ko dukiya ba sai ta hanyar shari'a. Daga ire-iren waɗannan alƙalai suka tato sauran.

Kuma ba da zubar da ciki aka fara ba. Jihar Konetikat tana da doka tun 1879 da ta haramta amfani da maganin hana ɗaukar ciki, har ga mata da miji. Wata mata, Estelle Griswold, ta buɗe ɗakin ba ma'aurata shawara tana sane, aka kama ta, aka ci ta tarar dalar Amurka 100. A 1965 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Mai shari'a William Douglas ya yi tambayar da ko a zauren malam aka yi ta za a gyaɗa kai: za mu bar 'yan sanda su shiga turakar ma'aurata suna lalube ko za su ga alamar magani? Ya ce ko da ba a rubuta sirri ɓaro-ɓaro ba, inuwar sauran haƙƙoƙin da aka rubuta ta rufe shi. A 1972 aka shimfiɗa hukuncin har kan marasa aure. Ranar 22 ga Janairun 1973, a shari'ar Roe da Wade, kotun ta ce inuwar nan ta kai har ga shawarar mace ta zubar da ciki kafin ɗan tayi ya isa rayuwa a wajen mahaifa. Shari'ar Casey ta 1992 ta ba jihohi damar gindaya sharuɗɗa, ta bar ginshiƙin a tsaye.

Tun ranar farko akwai masu cewa an ɗora soro a kan inuwa. Ba masu adawa da zubar da ciki kaɗai ba: Ruth Bader Ginsburg, wadda ta zama alƙaliyar Kotun Ƙolin kuma take goyon bayan 'yancin, ta sha cewa da a kan daidaiton mace da namiji aka kafa hujjar da ta fi ƙwari, kuma kotun ta yi gaggawa.

Ranar 24 ga Yunin 2022 soron ya rushe. A shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga dokar jihar Misisipi da ta hana zubar da ciki bayan mako 15, alƙalai 6 cikin 9 suka tabbatar da dokar, 5 daga cikinsu suka soke Roe ɗungurungum. Samuel Alito, da ya rubuta hukuncin, ya ce kundin bai ambaci abin ba, kuma haƙƙin da ba a rubuta ba ba ya samun kariya sai in yana da saiwa mai zurfi a tarihin ƙasar da al'adarta. Abin da kotu ta yi shi ne ta cire hannunta ta mayar wa jihohi. Sama da jihohi goma, ciki har da Tekzas, suka hana kusan baki ɗaya. Wasu suka yi akasin haka: masu zaɓe a Kalifoniya da Mishigan a 2022, da Ohayo a 2023, suka sa kariyar a kundin jiharsu, Kansas ma da aka san ta da ra'ayin mazan jiya ta ƙi cire tata a watan Agustan 2022. Yau mace a Amurka, abin da doka ta yarje mata ya danganta da garin da ta kwana.

Wani alƙalin, Clarence Thomas, ya rubuta nasa daban ya ce a sake duba shari'ar Griswold ma, tunda tushensu ɗaya. Sauran masu rinjayen suka ce hukuncinsu bai wuce zubar da ciki ba. Maganar Thomas ɗin ce ta tayar da hankalin mutanen da ba ruwansu da zubar da ciki, masu shan ƙwayar tazara kawai.

Faransa ta ɗauki darasi, maƙwabtanmu kowa da hanyarsa

Faransa ta ga gemun ɗan'uwanta ya kama wuta. Tun 1975 dokar Simone Veil, ministar lafiyarsu ta lokacin, ta halatta zubar da ciki a can, amma doka ce kawai. Ranar 4 ga Maris 2024 majalisunta biyu suka haɗu a fadar Basai (Versailles), ƙuri'a 780 da 72, suka ƙara layi a sashe na 34 na kundinsu cewa doka za ta tsara yadda mace za ta yi amfani da wannan 'yanci da aka lamunce mata. Ba a tilasta wa kowa ba. Wa'adin mako 14 yana nan, likita ma yana da damar cewa shi ba zai yi ba.

A nahiyarmu kowa da kiɗansa. Kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya rubuta ikon mutum a kan shawarar haihuwa ƙarara. Na Kenya na 2010 ya ce rai yana farawa tun daga shigar ciki, sannan ya bar ƙofa idan ma'aikacin lafiya ya ga rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Benin ta sassauta a 2021 har zuwa mako 12. Najeriya, da muke cin kasuwa ɗaya da ita, tana da kariyar sirri a sashe na 37 na kundin 1999, kuma hakan bai halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Wannan misalin kaɗai ya isa nuna cewa rubuta sirri a kundi ba shi ne buɗe waccan ƙofar ba.

Mu nan me dokarmu ta ce?

Kundin 25 ga Nuwamban 2010 ya ɗauki kaya na farko sosai. Sashe na 27 ya ce gida ba a keta shi, bincike ko kame a cikinsa sai yadda doka ta tsara. Sashe na 29 ya ce haka a kan wasiƙu da sadarwa. Ya kira ɗan Adam abu mai alfarma, ya ce aure da iyali su ne tushen al'umma. Kaya na biyu kuwa bai taɓo shi da suna ba, ya bar wa ƙananan dokoki.

Ga wani abin dariya a tarihin. Dokar da ta fara haramta tallata maganin hana ɗaukar ciki a ƙasar nan ba daga zauren malamai ta fito ba, dokar Faransa ce ta 31 ga Yulin 1920, wadda suka yi don su mayar da mutanen da suka rasa a yaƙin duniya na farko, suka shimfiɗa ta kan ƙasashen da suke mulka. Su sun fara warware ta a 1967, mu muka ci gaba da riƙe musu ita bayan 1960, sai a 1988, zamanin Ali Saibou, aka yarda da tsarin iyali a hukumance.

Dokar da ke aiki a kan batun ita ce ta 21 ga Yunin 2006 kan lafiyar haihuwa. Ta amince wa ma'aurata su tsara tazarar haihuwarsu. Zubar da ciki yana nan a matsayin laifi mai ɗauri a dokar hukunta laifuka, sai a hali biyu: idan cikin zai halaka uwa ko ya illata lafiyarta, ko an gano wata mummunar cuta a jikin abin da ke cikin. Fyaɗe ba ya cikin jerin. A shekarar ce kuma aka mayar da awon ciki da magungunan tazara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, bayan tiyatar haihuwa da aka yafe kuɗinta a 2005. Kyauta a takarda, ni da kai mun san sau nawa ake miƙo takardar sayen magani.

A 2006 ɗin dai Majalisar Dokoki ta ƙi amincewa da Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda sashenta na 14 ya nemi a yarda da zubar da ciki a halin fyaɗe da cikin muharrami. Har yau Nijar ba ta tabbatar da ita ba. Dokar iyali ma an sha yunƙurin yin ta ana fasawa, shi ya sa rigimar aure da saki da riƙon 'ya'ya yawanci al'ada da fiƙihu ke yanke ta, a gaban mai unguwa ko fadar sarki, ko alƙali tare da masu ba shi shawara kan al'ada.

Zargin da mutane ke yi wa duk abin da ya zo daga waje a kan haihuwa ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya ji shugaban Faransa Emmanuel Macron a 2017 yana ɗora matsalar Afirka a kan mata masu haihuwa bakwai da takwas, dole ya ɗaga gira in an zo masa da allura kyauta. Ƙididdigar 2012 ta ba macen Nijar 'ya'ya 7.6, ta 2021 ta ce 6.2, kuma a bakin baƙi kullum adadin nan ake ji, ba matar da ke naƙuda a kan amalanke ba. Hukuncin Dobbs kuwa ba ya aiki a Damagaram ko na minti ɗaya. Abin da ke iso mu daga Amurka kuɗi ne: tun 1984 duk shugaban jam'iyyar Rifablikan da ya hau yakan yanke tallafi ga ƙungiyoyin waje masu hulɗa da batun zubar da ciki, na Dimokurat ya mayar, a 2025 kuma aka rushe USAID kanta, hukumar da Amurka ke ba da tallafi ga ƙasashen waje ta hannunta.

Ina malamai suka tsaya?

Ba wuri ɗaya suka tsaya a kan komai ba, kuma wanda ya ce maka "malamai sun ce" ka tambaye shi a kan wanne.

A kan zubar da ciki mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ita ce mafi tsanani: mashhurin zance shi ne ba ya halatta ko kafin kwana 40, duk da an samu irin su Lakhmi da suka sassauta a cikin kwanakin. Wasu malaman Hanafiyya sun yarda kafin kwana 120 idan akwai uzuri, suna dogaro da hadisin busa rai. Bayan busa rai kowa ya haɗu a kan haramci, sai don ceton ran uwa.

Tazara kuwa wani babi ne. Sahabbai sun yi azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kakanninmu ma suna yi wa mai kwanika gori. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke abu uku: bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata haihuwa ba, haramun ne kashe ƙwayar haihuwa baki ɗaya sai da larura, kuma ya halatta a yi tazara na ɗan lokaci idan mata da miji sun yi shawara sun yarda. Duba na farkon da kyau. Kaya na biyun nan ne, hana hukuma katsalandan, da harshen fiƙihu. Imam Malik kuma ya ce a Muwaɗɗa miji ba ya yin azalu ga matarsa 'ya sai da izininta, wato haihuwa haƙƙinta ce ita ma. Malamai da yawa suna juya maganar su ce ita ma ba ta shan magani sai da yardarsa. Masu aikin lafiya suna amsawa da cewa jikin da zai zubar da jini nata ne, kuma akwai mazan da ko likita ya rantse ba za su yarda ba. Nan ne gardamar gaskiya take a garin nan, ba a Roe da Wade ba. Makarantun mazaje da aka fara a yankunan Magarya da Matamai wajen 2008, da goyon bayan UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a, daga wannan gardamar suka fito: an gane in ba a zauna da maigida ba, matar ba za ta taka ƙofar asibiti ba.

Ta inda asiri ke tonuwa a zahiri

Ƙanwata ta haihu uku cikin shekara huɗu, na ukun da tiyata. Likita ya ce ta huta. Ita da mijinta suka gama shawara da dare, da safe shi da kansa ya ɗauke ta a babur ya sauke ta ɗan nesa da ƙofar wani ƙaramin asibiti. Ta zauna a benci cikin masu awo da masu rigakafi. Can sai wata ma'aikaciya ta leƙo ta ɗaga murya: "Masu planin, ku koma bencin can!" Mata uku suka miƙe, idanun sauran suka raka su. Kafin ta kai gida labari ya riga ta. Uwar mijinta na zaune a tabarma tana gyaran zogale, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Sannu da dawowa. An je an rufe mana ƙofar zuri'a?"

Da la'asar ta kira ni. "Yaya, ashe abin da ke cikin karnen asibiti na kowa ne?" Na ce a'a, naki ne, doka ma ta tanadi hukunci ga likita ko ungozomar da ta fitar da sirrin mara lafiya. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, zo ka gaya wa Inna."

Ma'aikaciyar ba ta ambaci sunan kowa ba, ba na jin ma ta yi da mugunta. Ɗaki ɗaya ne, mata sun fi hamsin, tana son ta raba layi. Amma magana zarar bunu ce. Kuma sakamakon irin wannan ba ya tsayawa a jin kunya: mace takan daina zuwa, ta koma sayen ƙwaya a farantin mai talla, wadda ta wuni a rana, babu mai auna mata hawan jini. Budurwar da ta ga alamar ciwon sanyi takan zauna da shi don kada a gan ta a layi. Mai ɗauke da ƙanjamau yakan tsallake asibitin unguwarsa ya tafi wata jiha karɓar magani.

Salula ta ƙara wa wutar fetur. Hoton takardar gwaji, muryar da mace ta aika wa ƙawarta, hoton da aka bari a wayar da aka kai gyara, cikin awa ɗaya sun zagaya rukunin dangi da na 'yan makaranta. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita a Yamai, muna da dokar laifukan intanet ta 2019, amma mace nawa ce a Kara-Kara ko Garin Malam ta san tana iya kai ƙarar wanda ya watsa hotonta? A 2020 kuma majalisa ta yi dokar da ta ba hukuma damar sauraren sadarwa saboda tsaro. Wanda ya san halin da Diffa da Tillaberi ke ciki ba zai ce babu dalili ba. Tambayar ita ce wa ke sa hannu kafin a saurara, kuma wa ke duba mai sauraren. A jihar Nebraska ta Amurka, a 2022, takardar kotu ce ta sa kamfanin Facebook ya miƙa wa 'yan sanda hirar wata uwa da 'yarta a shari'ar zubar da ciki. Sirrin waya da sirrin mahaifa sun zama igiya ɗaya.

Idan rufin asiri ya zama bargon ɓarna

Nan zan tsaya in soki ɓangaren da na fi karkata gare shi. Rufin asiri yana cikin addu'ar kowane Bahaushe, amma da shi ake binne abubuwa da yawa. A yi wa yarinya fyaɗe, manya su taru a zaure, a ce a rufa asiri, a sasanta, wanda ya yi ya ci gaba da zuwa masallaci a sahun gaba. Miji ya farfasa wa mace jiki, maƙwabta su ce tsakanin mata da miji sai Allah. Yarinyar da aka yi wa ciki ta ɗaure shi da zane wata tara don tsoron tonon silili, ta haihu ita kaɗai a bayan gida, ƙarshenta kurkuku, shi kuwa ba a ma tambayi sunansa ba.

Saboda haka sai a bambanta sirrin gida da sirrin mutum. Kundin da ya kare gida kaɗai, a aikace mai ƙarfin gidan ya kare. A ƙasar da dokar farar hula ta sa shekarar auren mace 15, kuma ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin 18, cewa "ma'aurata su yanke shawara" yana iya zama mutum ɗaya ne ya yanke, ɗayar tana sauraro. Ni a ganina katangar tana da amfani ne idan ta kare na cikin ɗakin daga na waje, kuma tana da ƙofar da wadda ake cuta za ta fita ta kai kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma ɗakin nan mutum biyu ke kwana a ciki.

Abin da talaka zai duba ranar da aka kawo sabon rubutu

Darasin Amurka a wurina ba na halacci ko haramci ba ne, na rubutu ne. Abin da alƙalai suka tato daga inuwa, wasu alƙalan sun zo sun share shi bayan shekara 49. Mai tsoron kada wata kotu ta fassara "sirri" ta kai shi inda bai yarda ba, da mai tsoron kada wata gwamnati ta wayi gari ta hana ƙwayar tazara ko ta ƙayyade 'ya'ya, buƙatarsu ɗaya: a rubuta abin a fili, da iyakarsa. Tunda Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu dalilin da zai hana a karanta wa mutane sassan a rediyo da harshen da suke mafarki da shi.

In an karanta, a kasa kunne a ji ko an ambaci rayuwar mutum ta kansa ko gida da wasiƙa kawai aka tsaya. A ji ko bayanan lafiya da na waya sun shiga. A ji ko sai da izinin alƙali za a yi bincike da saurare, ko wani jami'i ne zai ba kansa izini. A ji kuma ko talaka na da ƙofar da zai ƙwanƙwasa in an keta masa, domin haƙƙin da babu inda za a kai ƙararsa ado ne. Ba na tsammanin wani kundin Nijar zai bi sawun Faransa nan kusa, jama'a ba su nema ba, kuma mai yi maka barazana da hakan yana kawar maka da ido ne daga sassan da za su taɓa ka gobe da safe.

Wani abin kuma ba ya jiran kundi. Ƙanwata yanzu can ƙarshen gari take zuwa, duk wata uku, tana biyan kabu-kabu zuwa da dawowa. Na tambaye ta me ya fi a can, ko allurarsu daban ce. Ta ce allura ɗaya ce. Ungozomar wurin dai ta rataya tsohon zane a ƙofa, tana kiran mata ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta tambayar abin da ya kawo ki sai kin shiga ta saki labulen.